Korau Wanzami da Baƙin Kogi

Akwai wani ƙaho fari fat, irin na wanzamai, wanda in aka kafa shi a bayan mutum aka zuƙa, ba jini yake jawowa ba, mai zuƙar yake haɗiyewa. Mutum ɗaya aka sani ya taɓa shiga cikinsa ya dawo, shi ne Korau wanzami na garin Kwarin Maje. Kada kuma ku ɗauka tausayi ne ya kai shi. Kishi ne tsagwaronsa.

Su biyu ne maza a wurin Sarkin Aska Nomau, Korau babba da Tanimu ƙarami, sai yayarsu mace, Tasalla. Da tsohon ya ji ajali ya matso, sai ya sa aka ɗauko masa zabirarsa, jakar fatar nan mai ɗauke da asake da ƙahoni tun na kakanni. Korau yana zaune a gabansa, har ya fara miƙa hannu. Tsoho ya tsallake shi, ya ɗora zabirar a cinyar Tanimu, bai ce don me ba. Bayan kwana biyu ya cika, sarautar aska kuwa ta bi zabira.

Shekara bakwai Korau yana zaune a gindin wata bishiyar maje a bakin kasuwa, yana hango rumfar ƙaninsa cike da mutane. Gaskiya hannunsa ya fi na Tanimu sauri, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Amma Tanimu kafin ya taɓa mutum sai ya tambaye shi ina ke ciwo, tun yaushe, me ya ci. Korau kuwa kallo ɗaya yake yi maka ya ce, "Mataccen jini ne, juya bayanka." Ya kafa ƙaho, ya zuƙa, ya toshe tsinin ƙahon da ɗan guntun jijiyar saniya da kullum yake taunawa a kuncinsa, ya tsaga, ya nuna maka baƙin jini a tafin hannu. A wurinsa duk jinin da ya yi baƙi ya mutu, kuma cire shi ne magani.

Abin da ya fi ba mutanen gari dariya shi ne askin Korau. Mutum ba ya iya aske ƙeyarsa, ko da shi ne gwanin gwanaye. To, maimakon ya sunkuyar da kai a gaban ƙaninsa, duk bayan mako biyu sai ya taka tafiyar rabin wuni zuwa wani ƙauye, wurin wani tsohon wanzami da ba ya gani sosai, ya dawo kansa duk tabon yanka.

Wata ranar kasuwa da hantsi, Tanimu yana tsakiyar aski sai aska ta suɓuce masa. Ya dafe ƙirji, ya ce kamar an ɗora masa dutsen niƙa, ciwon yana bin hannunsa na hagu. Gumi ya karyo masa, ya zube. Aka kwashe shi zuwa gida. Korau ya zabura zai bi, sai ya ji wasu mata suna cewa, "Wayyo Allah, in Tanimu ya tafi wa zai riƙa yi mana?" Kamar shi babu shi a duniya. Ya koma ya zauna, ya sha kunu.

"Salamu alaikum, ɗan Nomau."

Ya duba dama da hagu bai ga kowa ba, sai da ya kalli ƙasa. Wani tsoho ne wanda tsayinsa bai wuce turmi ba, ja jawur kamar an tsoma shi a manja, jikinsa yana zabura a kai a kai kamar mai shaƙuwa. A hammatarsa akwai farin ƙaho.

Tsohon ya ce, "Ni ne Sarkin Ƙofa na birnin da ke cikin ƙirjin ƙaninka, wanda kuke kira zuciya. Birnin yana gab da faɗuwa. Wanzami muke nema, kuma mai zabira muka so. To, shi ne a kwance. Kai ne ragowa."

"Ragowa?" in ji Korau. Maganar ta soke shi har ƙashi. Amma nan take wani tunani ya faɗo masa mai daɗi kamar zuma: in ya warkar da Sarkin Aska da kansa, ba tare da zabira ba, ai gari zai gane tsoho ya yi kuskure. Ya ce, "In na tashe shi, mutane za su san ni ne?"

"Mutane suna da ido. Sharaɗinmu ɗaya ne, ya kai ɗan Adam. A birninmu ana tambaya kafin a taɓa."

Korau ya gyaɗa kai, amma kunnensa yana can wurin kirarin da za a yi masa. Ya zura askarsa da baƙin ƙahonsa a aljihu, ya jefa guntun jijiya a baki, ya nufi gida.

Ya tarar da Tasalla tana yi wa Tanimu fifita, idonta ya yi ja. Ba ta ganin jan tsohon. Ta ce, "Sai yanzu ka ga damar zuwa?"

"Yaya Tasalla, taya ni mu juya shi kawai."

Suka juya shi. Korau ya karɓi farin ƙaho ya kafa tsakanin kafaɗun ƙaninsa, ya sa baki ya zuƙa. Sai ya ji ƙahon ne ke zuƙarsa. Ɗaki ya yi sama, shi ya yi ƙasa, ya faɗa tsulum cikin wani kogi mai ɗumi.

Kogin cike yake da wasu abubuwa masu kama da faifai, kowanne ya lotsa a tsakiya, dubbai a kan dubbai, duk suna tafiya wuri ɗaya. Sarkin Ƙofa ya jawo shi suka hau guda. Ba su yi nisa ba sai ga wasu fararen dogarai marasa fuska sun kewaye su, suna shinshina.

Babbansu ya ce, "Wane ne baƙo? Baƙo a nan cinye shi muke yi."

Sarkin Ƙofa ya ce, "Ku shinshina da kyau."

Suka shinshina Korau tun daga ƙafa har ka. Babban ya ce, "Ƙamshin gidan nan ne a jikinsa. Nono ɗaya suka sha da mai gida. Ku bar shi ya wuce." Har sun juya sai ya ƙara da cewa, "Amma ba shi ne mai gidan ba."

Korau ya yi tsaki. Ko a cikin jini ma sai an tuna masa.

Da idonsa ya saba da wurin, sai ya lura da launin kogin. Baƙi ne, irin jan nan da ya rine ya koma kamar ruwan zoɓo mai kauri. Ya ɗebo a tafin hannu ya duba, ya murza. Farin ciki ya kama shi har ya kusa faɗowa daga kan faifan. Mataccen jini, kogi guda! Wai Sarkin Aska, mai tambaya da sauraro, ga jikinsa cike da mataccen jini bai sani ba. Korau ya ce a ransa, yau asiri ya tonu.

Can gaba suka fara jin kiɗa, dum tak, dum tak, amma a raunane, yana yi yana tuntuɓe. Kogin ya buɗe zuwa bakin wani babban zaure. Sarkin Ƙofa ya tsayar da faifan a gefe ya ce, "Jira ni nan, in yi maka iso wurin Uwar Ganga."

Ina Korau ina jira? Ya ga ciwo da idonsa, kuma ba ya so a ce wani ya nuna masa. Sarkin Ƙofa yana ba da baya ya zaro aska, ya dafa bangon kogin, ya yi tsaga uku a jere yadda ya saba, sannan ya haɗe su da ta huɗu don aiki ya yi sauri. Baƙin jini ya ɓalle ta wurin, yana kwarara waje cikin duhu. Korau ya goge askarsa a riga, ya tura faifai ya shiga zauren yana taƙama.

Zauren jan nama ne, bangonsa yana matsewa yana saki. A can sama, kusa da bakin kogi, wata tsohuwa ce zaune a kan dakali da ganga tsakanin gwiwoyinta. Duk bugun da ta yi, sai bango ya matse. Hannuwanta sun rame kamar sillen kara.

Sarkin Ƙofa ya ce, "Gaishe ta. Tun ƙaninka yana cikin uwarku ta fara kiɗan nan, ba ta taɓa ajiye hannu ba, ko yana barci."

Korau ya ce, "Ranki ya daɗe, ki huta da damuwa. Na riga na gama aikin. Na tsaga kogin can, mataccen jini yana fita."

Ganga ta tsallake bugu ɗaya. Duk birnin ya girgiza.

Uwar Ganga ta ce, "Ya kai ɗan Adam, wa ka tambaya?"

"Tambayar me? Ai baƙi ne."

"Gajiya ya yi, bai mutu ba. Ya kai abinci da numfashi ga kai da ƙafa da hanji, ya kwaso musu dattinsu, ya dawo a wanke shi. Kowane ɗan Adam mai rai rabin hanyoyinsa baƙin kogi ne, har da kai. Ciwonmu ba a nan yake ba. Akwai wata 'yar ƙorama da ke ciyar da bangon birnin nan, da ni kaina. Ita ce ta toshe. Yunwa ce ke kashe mu, kai kuma ka zo ka fasa mana rumbu."

Korau ya cika ya batse. Ya ce, "Shekara ashirin ina ƙaho, yau za a koya mini jini?"

Bai rufe baki ba ganga ta buga. Ƙasan zauren ya buɗe, wata ƙofa mai ƙyaure uku, ruwa ya kwashe su zuwa wani ɗaki a ƙasa. Ƙyamaren suka rufe a bayansu, dum, wasu fararen igiyoyi suka ɗaure tamau suna riƙe da su don kada su juya baya. Ɗakin ya matse, ya cilla su ta wata ƙofar, ita ma ta rufe, tak. Ashe kiɗan da ake ji a ƙirjin mutum ƙarar rufewar ƙofofin nan ne, Uwar Ganga lokaci kawai take ba su.

Suka fito wata ƙasa mai iska, wadda mu muke kira huhu. Wata ƙatuwar bishiya ce da aka kifa, saiwarta a sama, rassanta a ƙasa, a ƙarshen kowane reshe akwai ƙananan ɗakuna kamar saƙar zuma. Iska ta shigo duk su kumbura, ta fita su saɓe. Kogin ya rarrabu ya zama zare-zare, har sai da faya-fayan suka koma tafiya ɗaya bayan ɗaya. A bakin kowane ɗaki akwai mace tana shiƙa. Ta ɗauki faifai ta kaɗa shi a iska, wani baƙin tururi ya tashi ya bi iskar waje, faifan ya koma ja jawur kamar ɗanyen barkono.

Korau yana kallo aka shiƙe wanda yake kai. Baƙin nan da ya rantse ya mutu, ga shi a ƙarƙashin gwiwarsa ya yi ja yana sheƙi. Ya duba na gaba, haka. Ya duba na baya, haka. Ashe jini mai rai ya tsaga ya zubar.

Babbar masu shiƙa ta ajiye hannu ta ce, "Sarkin Ƙofa, lafiya? Rabin kayan da muka saba ne ke zuwa. Ga iska muna da ita, ba abin da za mu ɗora ta a kai."

Sarkin Ƙofa ya nuna Korau da haɓa.

Ta dube shi ta ce, "Kai ne wan? Da mai gidan ne ya shiga ƙirjinka, da ya tambaya."

Ko a cikin wannan tashin hankali sai da maganar ta yi masa zafi. Amma tsoro ya fi zafin yawa. Ya fara tuƙa faifai da hannu yana neman juyawa. Ya ce, "Mu koma in toshe!"

Sarkin Ƙofa ya ce, "Ƙofofina huɗu ne, babu wadda take buɗewa baya. Wanda ya shiga kogin nan gaba yake yi."

Jan kogin ya ɗauke su ya mai da su birni, amma ta ɓangaren hagu, cikin wani zaure na sama. Korau ya kasa kunne, ya jiyo gangar ta bayan bango, kusa ƙwarai, tana ƙara rauni. Ya hau dukan bangon da hannu biyu. "Ga ta nan a bayan nan! Babu ko taga?"

Sarkin Ƙofa ya ce, "Da akwai, lokacin ƙaninka yana cikin uwarku bai fara shaƙar iska ba. Da ya fito duniya ya yi kukan farko aka tura ta aka rufe. Baƙi da ja ba sa haɗuwa a birnin nan. Yanzu ka buɗe kunnenka, in kana da shi. Ɗakin da za mu faɗa shi ne mafi ƙarfi, bangonsa ya ninka na dama sau uku, don shi ke tura jini har ɗan yatsan ƙafa. Zai harba mu cikin babbar hanya. In ka bi ta, sai ka zaga jiki kafin ka dawo, kuma ba na jin gangar za ta jira ka. Amma daidai bayan ƙofa akwai ƙananan bakuna biyu a jikin bango. Na dama shi ne ƙoramar da ta toshe. In ka buɗe ta, ita ce gajeriyar hanya, don zagaya bangon birni kawai take yi ta koma zauren Uwar Ganga."

Suka faɗa ta ƙofa mai ƙyaure biyu. Ɗakin ya matse su kamar a cikin dunƙulallen hannu, ya harba su kamar dutse daga majajjawa. Korau ya yi ta maza, ya yi tsalle daga kan faifan, ya maƙale bakin ƙoramar da ƙahonsa, Sarkin Ƙofa yana riƙe da ƙafarsa. Suka kutsa ciki da rarrafe.

Hanyar ƙunci gare ta, bangonta ya yi kauri da wani rawayan kitse kamar man shanu. A inda ta fi matsewa suka tarar da wani dunƙulallen abu, baƙi ƙirin, mai kama da tsokar hanta, ya cika hanya ba ko wurin wucewar zare. Ya buɗe ido ɗaya ya dubi Korau.

Ya ce, "Sannu da zuwa, wanzami. Ni ne Guda. Shekara ashirin kana nuna wa mutane jini a tafin hannu kana kiran sunana, yau ga ni gaba da gaba. Amma me zai sa ka wahala? Ka zauna mu huta tare. Kaɗan ya rage."

Hannun Korau ya kai kan ƙaho, sai ya tsaya. Ya juya ya dubi Sarkin Ƙofa. Maganar ta yi masa nauyi a baki kamar dutse, amma ya fitar da ita. "Ranka ya daɗe, shi ne? In taɓa?"

"Shi ne. Taɓa."

Ya kafa baƙin ƙahonsa a goshin Guda, ya sa baki ya zuƙa har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Guda ya yi ƙara, ya turje, ya miƙe kamar danƙo, sannan ya shige cikin ƙahon zuruf. Korau ya tura guntun jijiyar nan da harshe ya toshe tsinin ƙahon, ya danne faffaɗan bakin ƙahon a ƙirjinsa. Jan jini ya ɓalle ta bayansu, ya kwashe su ta cikin lunguna, bangon birnin yana sha yana farfaɗowa, har ya zubar da su a zauren farko.

Hannun Uwar Ganga ya ɗan ciko, amma zauren ya kusa ƙafewa. Jinin da a da yake kai wa mutum wuya, yanzu iyakarsa gwiwa. Korau ya kutsa da gudu zuwa bakin kogi, ya tarar da tsagarsa ta wage, tana ta zuba. Ya danne da hannu, ta fi ƙarfin hannu. Ya lalubi kuncinsa da harshe, babu komai. Jijiyar tana kan ƙaho, in ya cire ta Guda zai fito.

Ya ɗaga kai ya ce, "Ranki ya daɗe, da me zan ɗinke?"

Uwar Ganga ta ce, tana bugu tana haki, "Akwai jijiya a jikinka. Ta babban yatsan da ya riƙe askar."

Korau ya dubi yatsan. Da shi yake riƙe aska, da shi yake cin abinci, shi kaɗai ne abin da ya fi Tanimu da shi a duniya. Ya ce, "Ba za a karɓi na hagu ba?"

"Hannun da ya tsaga shi zai biya."

Sai kishin ya taso masa gaba ɗaya, har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Zabira tasa, sarauta tasa, mutanen gari nasa. Yanzu yatsana ma sai ya zama nasa? Komai nawa sai ya koma wurinsa?"

"Ba wanda ya tilasta ka. Kana iya fita da yatsanka. Kafin la'asar zabira ma ta zama taka, babu mai cewa kai ne."

Gaskiya ta faɗa, kuma Korau ya hango abin sarai: shi a rumfa, zabira a kafaɗa, mutane a layi. Ya daɗe yana kallon hoton nan, ba zan ɓoye muku ba. Ganga ta buga, ta yi shiru mai tsawo, ta sake bugawa. A cikin shirun sai ya tuna ranar da aka fara ba Tanimu aska. Duk gidan ba wanda ya yarda ya ba shi kai ya koya, sai shi Korau. Tanimu ya yanke shi a kunne, ya jefar da askar ya fashe da kuka, shi mai jinin ne ma ya koma rarrashi.

Ya yi tsaki mai ƙarfi, ya miƙa hannu. "Ku cire, kafin in sake tunani."

Sarkin Ƙofa ya kama yatsan ya zaro jijiyar kamar ana zare zare daga bakin zane. Korau ya ji zafin har tsakiyar kansa. Da hannun hagu da haƙori ya ɗinke tsagar, ɗinki mummuna irin na ɗan koyo, amma ya riƙe. Kogi ya fara cikowa. Ganga ta daidaita, dum tak, dum tak, har zauren yana amsawa.

Uwar Ganga ta ce, "Jinin da ka zubar za mu kwashe a hankali, zai yi kwanaki yana jin jiri. Tafi, ɗan Nomau. Muddin ina kiɗa, da jijiyarka nake yi."

Bai san yadda aka yi ba, sai ya gan shi kwance a kan tabarma, Tasalla tana yayyafa masa ruwa tana salati. Farin ƙaho ya ɓace. A cikin baƙin ƙahonsa akwai gudan jini bai wuce ƙwayar wake ba. Tanimu ya yi atishawa, ya buɗe ido, ya ce, "Yaya, kai ne?"

Kafin la'asar Tasalla ta gama baza labari a gari. Mutane suka yi ta tururuwa gindin maje, ana cewa ashe Korau ne gwanin, ashe tsoho ya yi kuskure. Maganar da ya yi shekara bakwai yana jira ke nan, ga ta tana zuba kamar ruwan sama, shi kuwa ya naɗe hannun dama a cikin riga yana cewa kowa ya dawo wani lokaci.

Ranar kasuwa ta biyu sai ga Tanimu yana tafe a hankali, zabira a kafaɗa. Ya durƙusa a gaban wansa a idon jama'a, ya ɗora masa ita a cinya. Ya ce, "Yaya, taka ce. Tun farko ma kai ne babba."

Korau ya shafa fatar. Ya buɗe, ƙamshin hannun ubansu ya bugi hancinsa. Ya zaro askar tsohon mai ƙotar ƙashi, ya riƙe, ta zame ta faɗi ƙasa. Ya ɗauka, ta sake faɗuwa. Babban yatsan yana reto kamar ba a jikinsa yake ba.

Ya mai da askar da hannun hagu, ya rufe zabira, ya tura wa ƙaninsa. Ya ce, "Ɗauki kayanka. Na cire maka ciwo, gaskiya ne, amma kafin nan na tsaga inda ba a tsagawa, saura ƙiris in kashe ka, don ban tambaya ba. Baba ya san abin da ya gani."

Tanimu ya buɗe baki zai yi magana, Korau ya ɗaga masa hannu. Sannan ya cire hula. Gashi ya taru, ga tsoffin tabon yankan wanzamin ƙauye. Ya sunkuyar da kai.

Tanimu ya jiƙa gashin da ruwan sabulu, ya wasa aska a tafin hannu, ya jawo kan wansa ya jingina a ƙirjinsa don ya fara daga ƙeya. Kunnen Korau mai tsohon tabon nan ya sauka daidai kan zuciyar. Ya ji ta, dum tak, dum tak, ba tuntuɓe ba haki. Ya sa hannu ya dafa tasa ya gwada, ya ga kamar ta Tanimu ta fi daɗin sauti, abin ya ɗan sosa masa rai. Sai ya tuna da abin da ke riƙe da ita.

Tanimu ya ce, "Yaya, akwai inda ke maka ciwo in kauce masa?"

Korau ya lumshe ido, hawaye ya gangaro ya shige cikin kumfar sabulu. Ya ce, "Yi askinka, sarkin tambaya. Ka dai kula da kunnen nan, saura ɗaya mai lafiya."